Takardar da Ta Kwana Arba'in a Aljihun Tebur

Sana'ata gyaran shinkafa ce. Ina da ƙaramin inji a Jega mai cashe buhu arba'in zuwa hamsin na shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a yini idan an samu wuta, da injin cire tsakuwa guda, da yara shida masu aiki. Ni da yayana, Allah ya jiƙansa, muka kafa shi a 2016, watanni kaɗan bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na bai wa manoman shinkafa rance. A lokacin duk fadamar da ka leƙa, daga Argungu zuwa Suru har Yawuri, shinkafa ce kore shar, kuma duk mai ɗan jari inji yake nema. Mun san bel, mun san sikeli, mun san shansherar da ta bushe da wadda aka yayyafa wa ruwa don ta yi nauyi. Takarda ce ba mu sani ba, kuma rashin saninta ya ci mini fiye da naira miliyan ɗaya a shekara guda. Ina ba da wannan shaida ne saboda masu inji da masu shago irina, don abin da ya same ni yana kan hanyar kowannenmu.

Ɓarakar ta fara tun ranar rajista. Doka ba ta tilasta wa wanda ke kasuwanci da sunansa na yanka da na mahaifinsa kaɗai ya yi rajista ba. Amma da zarar ka ƙara wata kalma a kan allon shagonka, ko ka laƙaba masa wani suna, to kana da kwana 28 daga fara aiki ka kai sunan Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Aikin ba shi da wuya. A yau ta intanet ake yi: ka ba da sunan da kake so a duba ko wani bai riga ka ba, idan an amince a riƙe maka shi na kwana 60, sai ka kawo lambar NIN, hoto, sa hannu, adireshin wurin da bayanin irin sana'ar. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne gurbin da ake rubuta masu kasuwancin. Yayana ne ya je wurin mai kwamfuta, aka tambaye shi mai shi, ya ba da sunansa. Ba da wata manufa ya yi ba. Ni ma da na ga takardar ban ga komai ba, tunda jarin rabi da rabi muka zuba kuma duk gidanmu an sani. Da wannan takarda aka buɗe asusun banki, shi kaɗai ke sa hannu.

Ya rasu a 2021. Da banki ya samu labari sai ya rufe asusun, kuma haka ƙa'ida take. Rajistar sunan kasuwanci ba ta mai da sana'a wani mutum na daban a gaban doka. Sana'ar da mai ita abu ɗaya ne: kuɗinta kuɗinsa ne, bashinta bashinsa ne, idan ya mutu komai ya shiga gado. A cikin asusun nan akwai kuɗin wasu 'yan kasuwa biyu da suka turo a saya musu shanshera, akwai albashin yara, akwai rabona. A takarda kuwa duk na mamaci ne. Da muka je kotun shari'a don rabon gado, alƙali ya faɗa mini abin da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani, cewa hujja tana kan mai da'awa. Sai da na kawo shaidu biyu da suka ga lokacin da na sayar da shanuna na zuba kuɗin. Matar yayana mutuniyar kirki ce, ba ta musa ba, amma akwai marayu ƙanana, kuma alƙali ba zai yanke daga haƙƙin maraya don wani ya ce ba. Wata bakwai muka yi kafin banki ya saki kuɗin. Da sunayenmu biyu ne a takardar CAC, da kuma shafi ɗaya da ke cewa wane ya zuba kaza, wane kaza, riba a raba kaza, idan ɗaya ya rasu a ƙiyasta kaya a biya magada cikin wata kaza, da abin bai kai haka ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mukan karanta ta a tafsirin azumi, mu fito mu ƙulla cinikin miliyoyi da fatar baki.

A wata bakwai ɗin nan inji bai tsaya ba, don haka sai na koma karɓar kuɗi ta asusuna na kaina. Bayan na sayi kason magada na yi sabuwar rajista da sunana. Na je banki buɗe asusun sana'a, suka nemi takardar CAC, lambar haraji ta TIN, lambar BVN, takardar biyan kuɗin wuta, da mutum biyu masu asusu da za su tsaya mini. Na ga abin da yawa, na ce sai na dawo, ban koma ba. Sai ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Manomin da a da ba ya karɓar komai sai tsaba ya koma karɓar taransifa. Kuɗin casa, kuɗin dillanci, kuɗin da 'yan kasuwar Legas da Onitsha ke turowa a haɗa musu mota, gudummawar bikin ƙanwata, adashin da nake riƙewa, duk ta rami ɗaya suka bi. A ƙarshen shekara abin da ya shiga asusun ya kai naira miliyan 40. Ribata ta gaskiya, da muka zauna daga baya muka tsefe, ba ta wuce miliyan biyu da rabi ba.

A 2024 aka ba ni dama in kai shinkafa wata makarantar kwana. Cikin sharuɗɗan akwai takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna kuɗin shigar mutum da harajin da ya biya a shekaru uku da suka gabata. A nan na fara sanin wa ke bin wa. Mai rajistar sunan kasuwanci ba ya biyan harajin kamfanoni. Harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane ne a kansa, kuma jihar da yake zaune yake biya, ba Abuja ba. Doka ta ce shi da kansa zai kai bayanin abin da ya samu a shekarar da ta wuce kafin 31 ga Maris, ko an neme shi ko ba a neme shi ba. Ni ban taɓa kaiwa ba. Da na je ofishin haraji, jami'in ya tambaye ni littafin lissafi, na ce babu. Ya ce to in kawo takardar shige da ficen asusuna. Na kai da hannuna.

Idan mutum bai kawo lissafi ba, doka ta bai wa jami'in haraji ikon ya ƙiyasta masa gwargwadon abin da ya gani. Abin da ya gani miliyan 40 ne. Ya ɗauki kashi 20 cikin ɗari a matsayin riba, miliyan 8 ke nan. A tsarin wancan lokaci ana fara cire rangwame, naira 200,000 da kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shigar, sai ya rage miliyan 6.2. Daga nan haraji ke hawa mataki-mataki: kashi 7 a kan 300,000 na farko, 11 a kan 300,000 na biye, 15 a kan 500,000, 19 a kan wata 500,000, 21 a kan miliyan 1.6, sannan 24 a kan duk abin da ya haura miliyan 3.2. Jimla ta tashi naira 1,280,000. Da an bi wannan matakala da ribata ta gaskiya, naira 266,000 za ta tsaya. Ban ga laifin jami'in ba a nan. Abin da na ba shi da shi ya yi aiki.

Har a nan ma da sauran gyara, don ƙiyasi ba hukuncin ƙarshe ba ne. Suka rubuto takardar sanarwa, aka kawo inji ranar da na tafi Kamba sayen kaya. Yaron da ke kan sikeli ya karɓa, ya sa hannu, ya jefa ta aljihun tebur tare da rasitan mai. Sai bayan kwana arba'in na gan ta. Na ɗauka na kai wa wani akanta, ɗan abokin mahaifina, a Birnin Kebbi. Ya duba kwanan watan da yaron ya sa hannu, ya ƙirga da yatsa, ya ɗago ya dube ni.

"Kawu, mi ya hana a kawo min wagga takarda tun ranar da anka kawo ta?"

Na ce ban san ta zo ba.

"Sun ba ka kwana talatin ka ce ba ka yarda ba. Kwana goma ke nan da ƙofar ta rufe."

Wannan kwana talatin ɗin shi ne abin da nake so kowa ya riƙe. Ana ƙirga shi daga ranar da takardar ta iso hannunka ko hannun wanda ke wurin sana'arka. Zuwa ofis ka yi bayani da baki, ko ka aika wani babba ya roƙa maka, ba ya tsayar da ƙirgen. Wasiƙa ake rubutawa, a sa lambar sanarwar da shekarar da ake magana a kai, a faɗi dalilan ƙin yarda ɗaya bayan ɗaya, a faɗi ribar da kai ka amince ka samu da harajin da ka yarda yana kanka, a haɗa da hujjoji. A yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Idan hukuma ta ƙi sauya ƙiyasinta, kana da wasu kwana 30 ka kai ƙara kotun sauraron ƙorafin haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna. Idan kuwa ka yi shiru har wa'adin ya cika, adadin ya tabbata a kanka ko da kowa ya san ya yi yawa. Akantan ya rubuta neman uzuri, amma tafiya Kamba ba ciwo ba ce, kuma ba barin ƙasa ba ce. Abin da muka samu shi ne a bar ni in biya kashi-kashi. Wata takwas na yi ina biya, kwangilar makarantar kuwa ta wuce ni tun tuni.

Akantan nan ne ya zaunar da ni ya tsara mini littattafai, kuma ba su da yawa. Na farko na saye: kwanan wata, sunan manomi ko dillali, garinsu, buhu nawa, kilo nawa, farashi, yadda aka biya. Manomi ba shi da rasit, don haka ni na buga ƙaramin littafi mai kwafi, ina rubutawa ya sa hannu ko ya dangwala, ya tafi da ɗaya in riƙe ɗaya. Na biyu na casa da sayarwa, inda ake rubuta abin da ya shiga inji da abin da ya fito. Buhun shanshera mai kilo ɗari yakan ba da tsabar shinkafa kilo sittin zuwa sittin da biyar, saura ɓuntu ne da dusa da tsaki. Dole a rubuta wannan, don wanda bai san sana'ar ba idan ya ga ka sayi tan ɗari zai ɗauka tan ɗari ka sayar. Dusa da tsakin ma kuɗi ne, a rubuta cinikinsu. Na uku na kashe-kashe: dizal, wuta, bel, gyara, buhuna, zare, 'yan dako, haya, albashi. Na huɗu shi ne wanda rashinsa ya kashe ni, littafin kuɗin mutane. Duk wanda ya turo a saya masa kaya yana da shafinsa: abin da ya turo, abin da aka saya, kuɗin mota, la'adata. La'adar nan kaɗai ce kuɗin shigata, sauran amana ce ta ratsa ta hannuna. Ana ajiye waɗannan littattafai da rasitai aƙalla shekara shida.

Ba kowane kashe kuɗi ake cirewa daga riba ba, sai wanda aka yi domin sana'ar. Cefanen gida, kuɗin makarantar yara da kujerar Umra ba sa ciki. Sabon inji ma ba a cire kuɗinsa gaba ɗaya a shekarar da aka saya, ana rarraba shi ne a kan shekaru, shi ya sa rasitin sayensa ya fi komai muhimmancin adanawa. Zakka kuma hanyarta daban, fitar da ita ba ya sauke haraji, biyan haraji ba ya sauke ta. Yanzu na yanka wa kaina abin da nake ɗauka duk wata daga asusun sana'a zuwa nawa, kuma ko kuɗin goro ba ya fita daga wancan sai an rubuta.

Dokokin sun sauya tun bayan nan. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu a ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, hukumar harajin tarayya ta FIRS ta koma NRS. Ga ɗan kasuwa irina, naira 800,000 na farko na ribar shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ne, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. An soke tsohon rangwamen, an kawo na haya: kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan da kake biya, iyakarsa naira 500,000, shi ma sai da shaidar biya. Mai ribar miliyan biyu zai biya kashi 15 na miliyan 1.2, wato naira 180,000. A ganina wannan ya fi sauƙi ga ƙaramin ɗan kasuwa. Tarar ce ta yi tsanani: rashin kai bayanin shekara naira 100,000 ne a watan farko, da 50,000 a kowane wata bayansa. Wani abin da ya yi mini daɗi shi ne an ɗaure hukuma ita ma, idan ka rubuta ƙin yarda ba ta amsa ba cikin kwana 90, maganarka ce ta tabbata. An kuma kafa ofishin mai karɓar koken masu biyan haraji.

Mutane da yawa sun ce mini in mai da injin kamfani, irin mai Ltd a ƙarshen suna, tunda ƙananan kamfanoni ba sa biyan harajin riba. Gaskiya ne, tun dokar kuɗi ta 2019 aka yafe wa kamfanin da cinikinsa bai wuce miliyan 25 a shekara ba, sabuwar doka ma ta ɗaga iyakar. Dokar kamfanoni ta 2020 kuma ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani shi kaɗai. Amfaninsa babba ne: kamfani ba ya mutuwa da mutuwar mai shi, hannun jari ne ke shiga gado, kuma bashinsa ba ya bin gidanka sai idan kai ka tsaya masa. Amma yafe biya ba yafe kai rahoto ba ne. Dole a kai lissafin kamfani cikin wata shida bayan rufe shekararsa ko da kwabo ba za a biya ba, albashin da kake ɗauka a matsayin darakta jiha za ta karɓi harajinsa, kuma kuɗin kamfani ba naka ba ne da za ka zura hannu yadda ka so. Wanda bai iya riƙe littafi huɗu ba kada ya ɗora wa kansa wannan. Ni sai na shekara uku littattafaina ba su yi giɓi ba zan yi.

Ko rajistar sunan kasuwancin ma tana da rahoton shekara da ake kai wa CAC kafin 30 ga Yuni, ban da shekarar da aka yi rajistar. Wanda ya bari, tara na taruwa, sunansa kuma ya koma nuna cewa ba ya aiki a shafin hukumar. Ranar da banki ko mai ba da kwangila ya duba, ranar zai sani.

Harajin VAT, wanda ake ɗora wa mai saye a kan farashin kaya, bai dame ni sosai ba. Kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, amma shinkafa na cikin kayan abinci na yau da kullum da ba a ɗora wa mai saye. Harajin da ya fi shafar masu kai kaya ma'aikatu wani ne daban, wanda ake yankewa daga kuɗinka tun kafin a biya ka. Wannan ba asara ba ce, ajiya ce a kan harajinka na shekara, amma sai ka bi wanda ya yanke ya ba ka shaidar cewa ya zuba da lambarka ta TIN. Idan ba ka da lambar, ninki biyu ake yankewa.

Sai masu zuwa da rasit a hannu. Kundin tsarin mulki ya bai wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tashoshin mota, shaguna da allunan talla, don haka kuɗin shago da na allo haƙƙinta ne. Rajistar wurin sana'a ta jiha ce. Ban taɓa gardama da mai karɓa ba, amma ina tambayar abu uku: takardar neman biya mai sunan hukumar da sunan harajin, katin shaidarsa, da asusun gwamnati da zan zuba. Na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Kwafin kowane rasit na shekarar yana manne a bango kusa da sikeli, kuma direban da ya ɗauki kayana yana tafiya da takardar kaya mai nuna buhu nawa, daga ina, zuwa ina.

Da na fara zuba shinkafa a buhu mai sunana, sai na tarar takardar CAC ba ta kare sunan da ke jikin buhu. Wannan rajistar tambarin kaya ce, a ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya ake yi, shinkafa tana rukuni na 30, kariyar farko shekara bakwai ce sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Abincin da aka ƙulle da suna don sayarwa kuma yana buƙatar lambar NAFDAC, kuma sai sun zo sun ga wurin: daɓen siminti, rufin da ba ya yoyo, katakon ɗora buhu don kada ya taɓa ƙasa, raga a taga, da shaidar lafiyar ma'aikata.

Bashi kuwa, na daina kai shi wurin 'yan sanda. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai, kuma wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa a kan haka yana iya tsintar kansa ana neman diyya a wurinsa. Duk wanda zai ɗauki kaya bashi yanzu yana sa hannu a takarda mai adadin buhu, farashi, ranar biya da shaidu biyu. Idan ranar ta wuce, wasiƙar neman biya ce farko, sannan kotu.

Yaron da ya jefa takardar nan a aljihun tebur yana nan tare da ni, shi ke riƙe littafin saye. Na kafa ƙusa a bango sama da teburin, na rataye faifan maƙale takardu. Duk takardar da ta zo daga wata hukuma, wanda ya karɓa zai rubuta kwanan wata a goshinta da jan biro, ya ɗauki hotonta ya turo mini ta WhatsApp kafin mai kawowa ya tayar da babur ɗinsa. A gefen faifan na rubuta ranaku uku da babban baƙi: 31 ga Janairu ta kai wa ofishin haraji bayanin albashin ma'aikata, 31 ga Maris ta bayanin ribata, 30 ga Yuni ta CAC.